Hoton da Ke Ƙonewa Kafin a Gan Shi: Tarihin Fim da Na'urorin Filin Jirgi

A watan Janairun 2020, kamfanin Kodak ya sanar da masu ɗaukar hoto sakamakon wani gwaji da ya gudanar a filin jirgin sama na John F. Kennedy da ke New York. Ma'aikatansa sun je da 'yan naɗe-naɗen fim ɗin kyamara samfurin Portra 400, suka tura su cikin sabuwar na'urar binciken jakar hannu da hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wato TSA, ta fara girkawa. Wani naɗin sau ɗaya ya shiga, wani kuma har sau 10. Da aka wanke su, sai aka tarar ko wanda ya shiga sau ɗaya tak hazo ya rufe shi: baƙin ya koma toka-toka, abin da ke cikin inuwa ya dusashe. Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce kada a kuskura a bar fim ya bi ta wannan na'ura.

Ga wanda ya buɗe ido ya tarar da kyamara a cikin wayarsa, wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma duk wanda ya taɓa kai fim gidan wankin hoto, ya koma bayan kwana biyu aka ce masa fim ɗin ya ƙone, ya san zafin wannan asara. Hoton ranar ɗaurin aure, ko na fagen daga, ko na dattijon da ya kwanta dama, ba a sake ɗaukarsa. Kafin a wanke fim, kwafinsa ɗaya ne tak a duniya, kuma ko mai shi bai taɓa ganinsa ba. Yadda wannan abu mai rauni ya tsinci kansa tsakanin tsaron jirage da bukatar matafiya labari ne da ya faro tun ba a ƙera jirgin saman farko ba.

## Abin da ke cikin gwangwani

Fim ɗin kyamara siririyar leda ce da aka shafe da wani abu mai danƙo da ake tatsowa daga ƙasusuwa da fatun shanu, a cikinsa kuma an barbaɗa miliyoyin ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya faɗa kan ƙwaya, sai ya bar mata ɗan tabo na tsantsar azurfa, ƙanƙani ƙwarai, wanda ko madubin likita ba ya nunawa. Waɗannan tabban su ne ɓoyayyen hoto. A ɗakin duhu, ruwan wanki na farko yana bin duk ƙwayar da ke da tabo ya mayar da ita baƙar azurfa gaba ɗayanta, na biyu kuma ya narkar da sauran da haske bai taɓa ba ya fitar da su. Daga nan hoto ya zauna, babu sauran abin da haske zai canza. Shi ya sa nagetif ɗin da aka riga aka wanke ba ruwansa da na'urar bincike.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ƙwayar azurfa ba ta bambanta hasken da ya shigo ta idon kyamara da wanda ya ratso ta bango. Gwangwanin fim yana tare hasken rana, amma hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ratsa shi yake kamar yadda ruwa ke bin rariya. Ɓarnar kuma taruwa take yi: abin da na'urar Landan ta bari, ta Alƙahira za ta ɗora a kai. Sannan gwargwadon saurin fim wajen kama haske, gwargwadon rauninsa. Ana auna saurin da lambar ISO da ke jikin kwalin. Fim mai ISO 800 rabin hasken da mai 400 ke bukata ya ishe shi, domin ƙwayoyinsa sun fi girma, don haka shi ne ya fi saurin cin hazo.

## Ɓarnar da ta haifi ilimi

Tun asali ma, ta hanyar lalacewar kayan hoto ne masana suka ci karo da wannan haske. A shekarar 1890, a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, wani malami mai suna Arthur Goodspeed da wani mai hoto, William Jennings, suna gwaje-gwaje da kwalbar lantarki, a kusa da su akwai farantan hoto da aka ɗora wa tsabar kuɗi. Da aka wanke farantan sai ga inuwar wasu abubuwa masu zagaye. Ba su gane dalili ba, suka ajiye. Sai bayan da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a birnin Würzburg na Jamus ranar 8 ga Nuwamban 1895, ya kuma ɗauki hoton ƙasusuwan hannun matarsa da zobe a yatsarta, sannan suka fahimci abin da ya wuce ta gabansu shekara biyar baya.

'Yan watanni bayan haka, a Paris, Henri Becquerel ya naɗe farantin hoto da baƙar takarda, ya ɗora masa gishirin yuraniyam, da nufin shanya su a rana. Gari ya yi lumshi, sai ya jefa su cikin durowa. Da ya wanke farantin a farkon Maris ɗin 1896, ya tarar da baƙin tabo raɗau, alhali rana ba ta taɓa shi ba. Haka aka gano cewa wasu ma'adinai da kansu suke fitar da tururi mai ratsa abubuwa. Daga baya aka mayar da wannan rauni na fim abin amfani: ma'aikatan ɗakin hoton ƙashi da na masana'antun nukiliya suka riƙa maƙala ɗan guntun fim a ƙirji, a wanke shi lokaci-lokaci a ga yawan tururin da jikinsu ya sha.

Babu kamfanin da ya san wannan kamar Kodak, wanda George Eastman ya fito da kyamararsa ta farko a 1888 a birnin Rochester. A ƙarshen 1945, kamfanin ya ga ɗigo-ɗigon baƙi a jikin fim ɗin asibiti da yake sayarwa. Wani masaninsa, Julian Webb, ya bi diddigi har ya gano cewa cutar daga kwalin da ake naɗe fim ɗin take, wanda wata masana'anta a garin Vincennes na jihar Indiana ke yi da ruwan kogin Wabash. A cikin kwalin ya sami burbushin wani sinadari mai suna cerium-141, wanda fashewar nukiliya ke haifarwa. Gwamnatin Amurka ta gwada bam ɗinta na farko a asirce a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yulin 1945, iska ta kwashi ƙurar fiye da kilomita 1,500, ruwan sama ya sauke ta cikin kogi. Webb ya wallafa bincikensa a 1949.

A farkon 1951, da aka fara gwajin bama-bamai a jihar Nevada, dusar ƙanƙara mai ɗauke da irin wannan ƙura ta sauka a Rochester. Kamfanin ya yi barazanar kai ƙara, sai hukumar makamashin nukiliya ta amince ta riƙa sanar da masana'antun fim lokacin gwaji da inda ake hasashen ƙurar za ta sauka. Manoma da iyalan da ke shan madarar shanun da suka yi kiwo a ƙarƙashin ƙurar ba su sami irin wannan gargaɗi ba, abin da ya tayar da ƙura a majalisar dattawan ƙasar a 1997.

## Shekarun fashin jirage

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, shiga jirgi a Amurka bai fi shiga motar haya wahala ba. Mutum ya nuna tikiti ya wuce da jakarsa, babu mai tambayar abin da ke ciki. 'Yan fashi suka ga banza ta faɗi. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen Amurka fiye da 130, da yawansu aka karkatar da su zuwa Kyuba. Kamfanonin jirage sun daɗe suna ƙin binciken kowa da kowa, suna ganin dogon layi zai kori fasinjoji, gara a biya kuɗin fansa a huta.

Tura ta kai bango ranar 10 ga Nuwamban 1972. Mutum uku suka ƙwace jirgin kamfanin Southern Airways da ya tashi daga Birmingham ta jihar Alabama, suka yi barazanar rikito da shi kan cibiyar nukiliya ta Oak Ridge da ke Tennessee idan ba a biya su ba. Jirgin ya ƙare a Havana, amma tsoron bai ƙare ba. Wata guda bayan haka hukumar sufurin sama ta ba da umarnin gaggawa: daga 5 ga Janairun 1973, kowane fasinja sai an bincike shi, kowace jakar hannu sai an duba ta. Buɗe jakunkuna ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu a manyan filaye ba, sai aka koma ga na'urar eksire.

A wancan zamani kusan kowane ɗan yawon buɗe ido yana da fim a jaka, 'yan jarida kuma da jirgi suke aika hotunansu gida. Saboda haka dole aka yi sulhu. Dokar Amurka ta wajabta a kafa allo a wurin bincike mai gargaɗin a cire fim mai sauri da na asibiti da na binciken kimiyya, ta kuma ba fasinja damar neman a duba fim ɗinsa da hannu ba tare da ya shiga na'ura ba. Wannan tanadi yana nan a dokokin ƙasar har yau. Masu ƙera na'urori su ma suka rage ƙarfin hasken, suka koma amfani da siririn zare na haske da ke sharar jaka sau ɗaya yayin da take wucewa a kan bel. 'Yan kasuwa kuma suka fito da jakunkuna masu shafen dalma a ciki, domin dalma na rage ratsawar hasken. A kan haka aka zauna shekaru masu yawa, har aka sami ƙa'idar da masu hoto suka haddace: fim ɗin da bai kai ISO 800 ba zai iya jure wucewa 'yan lokuta, amma idan tafiyar za ta sa ya shiga na'ura fiye da sau biyar, a nemi binciken hannu.

## Lockerbie da Tenere

Wancan sulhu an gina shi ne a kan tsoron bindiga da wuƙa, waɗanda inuwarsu ke fitowa ɓaro-ɓaro a allo. Bam ɗin roba kuwa ba shi da wata siffa ta musamman. Ranar 21 ga Disamban 1988, jirgin Pan Am da ya tashi daga Landan zuwa New York ya tarwatse a saman garin Lockerbie na Sikotlan, mutum 270 suka rasu, 11 daga cikinsu mazauna garin. An ɓoye bam ɗin ne a cikin rediyo mai kaset, a cikin akwati, a ɗakin kaya. Wata tara bayan haka, ranar 19 ga Satumban 1989, jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya taso daga Brazabil ya yada zango a Injamena kan hanyarsa ta zuwa Paris ya fashe a saman hamadar Tenere ta Nijar. Dukkan mutum 170 da ke ciki suka rasu. Nan ma akwati ne a ɗakin kaya.

Daga nan hankali ya koma kan kayan awo. Amsar da aka samu daga asibiti aka aro ta, wato na'urar CT, wadda tushen haskenta ke kewaya abu yana ɗaukar hotonsa ta kowace kusurwa, kwamfuta kuma ta lissafa kaurin kowane abu da ke ciki, har ta bambanta sinadarin bam da sabulu ko cakulan. A ƙarshen 1994 hukumar sufurin sama ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura ta farko, CTX 5000 ta kamfanin InVision. Takan fara leƙa akwati da haske mai sauƙi, idan ta ga abin zargi sai ta yanka wurin da haske mai ƙarfi. Fim ɗin da wannan yanka ya bi ta kansa yakan fito da ratsi-ratsi ko zane mai kama da igiyar ruwa daga farkon naɗi zuwa ƙarshe, irin ɓarnar da babu gwanin da zai gyara. Jakar dalma ma a nan sai ta zama garin gyaran gira a rasa ido: duhun da take yi a allo shi ke jawo hankalin na'urar, kuma kaurinta bai isa ya tare hasken ba.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001, Amurka ta kafa hukumar TSA a watan Nuwamba, majalisa ta kuma sa wa'adin ƙarshen 2002 a riƙa binciken kowane akwatin awo. Tun daga lokacin, ƙa'ida ta farko ga mai fim ta zama guda: kada ya taɓa sa shi a kayan awo. A wannan shekarar ma, bayan an aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar cutar anthrax, aka fara gasa saƙonnin ofisoshin gwamnati na Washington da tururi mai ƙarfi, wanda ke halaka duk fim ɗin da ke cikin ambulan.

## Fim ya tafi, ya dawo

Ana cikin haka sai kasuwar fim ta durƙushe. Kyamarar dijital, wadda wani injiniyan Kodak ɗin kansa, Steven Sasson, ya haɗa samfurinta na farko a 1975, ta cinye kasuwar, kuma katin ajiyarta bai damu da hasken eksire ba. Kamfanin ya daina yin shahararren fim ɗinsa Kodachrome a 2009, ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari a Janairun 2012. Yayin da masu fim suka ragu, muryarsu ta ragu a wurin masu tsara tsaro.

Sai dai fim bai mutu ba. Matasa sun koma masa saboda launinsa da natsuwar da yake koya wa mai ɗauka, har Kodak ya dawo da samfurin Ektachrome a 2018. Kyamarorin Instax na Fujifilm, masu fito da hoto nan take, sun bazu a wuraren biki, kuma fim ɗinsu ISO 800 ne. Wasu manyan masu shirya finafinai ba su taɓa barinsa ba: fim ɗin Oppenheimer na 2023, wanda ya ba da labarin gwajin New Mexico ɗin nan, a kan fim ɗin Kodak aka ɗauke shi.

Daidai lokacin da fim ke farfaɗowa, na'urar CT ta taso daga ɗakin kaya zuwa layin fasinjoji. Dalilin ya koma ga watan Agustan 2006, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da bam na ruwa a cikin kwalaben lemo. Daga nan aka taƙaita ruwan da ake shiga da shi zuwa mililita 100, aka ci gaba da sa mutane fito da kwamfuta daga jaka, layi ya yi tsawo. Na'urar CT tana iya duba jaka ba tare da an fito da komai ba. A 2019 TSA ta ba da kwangilar sayen guda 300, filin Schiphol na Holan ya kasance cikin na farko-farko a Turai, filin London City ya kammala sauya nasa a 2023. Ga mafi yawan fasinjoji sauƙi ne ya samu. Ga mai fim kuwa, mafakarsa ta ƙarshe, wato jakar hannu, ita ma ta daina zama mafaka, kuma tsohuwar ƙa'idar ISO 800 ba ta aiki a gaban sabuwar na'ura. Bayan sanarwar Kodak, Fujifilm da Ilford su ma sun yi wa abokan cinikinsu irin wannan gargaɗi.

## Abin da ya rage wa matafiyi

Abin da shekaru 50 na wannan gwagwarmaya suka bari a hannun mai fim ba shi da yawa, amma yana aiki. Fim ba ya shiga kayan awo, ko an ɗauki hoto da shi ko ba a ɗauka ba. Ana cire shi daga kwali da robarsa a zuba a farar leda mai nuna ciki, a ajiye a saman jaka inda hannu zai kai da sauri. Kyamara ta tafi babu fim a cikinta, domin jami'i na iya cewa a buɗe ta ko a tura ta na'ura. A isa fili da wuri, a nemi binciken hannu cikin ladabi tun kafin jaka ta hau bel. Galibi jami'in zai goga wani ɗan ƙyalle a jikin gwangwanayen ya sa a na'urar gano burbushin bam, aikin 'yan mintoci. Idan jami'ai suka ce a bar kwamfuta da kwalabe a cikin jaka, alama ce mai ƙarfi cewa na'urar CT ce. Jakar dalma tana da ɗan amfani a tsohuwar na'ura, amma ba abin dogaro ba ce a sabuwa.

Ya kamata kuma a san cewa damar binciken hannu da dokar Amurka ta tanada ba ta bin mutum zuwa ko'ina. A ƙasashe da yawa abin yana hannun jami'in da ke bakin aiki, kuma idan ya ƙi, babu ɗaukaka ƙara a gaban bel. Tafiya mai yada zango biyu ko uku tana nufin roƙo biyu ko uku. Don haka ƙwararru kan bi hanyar da ta fi kowacce tsufa: su sayi fim a inda za su yi aiki, su kuma wanke shi a can kafin su juyo, domin nagetif ɗin da ya riga ya sha ruwan wanki zai iya bi ta na'ura sau ɗari ya fito yadda ya shiga.

Na'urorin dai ba za su koma baya ba, kuma wanda ya tuna Lockerbie da Tenere ba zai so su koma ba. Abin da ke tsakanin fim da hazo a yau shi ne abin da aka tanada tun shekarun 1970: fasinja ya miƙa ledarsa, jami'i ya yarda ya karɓa ya duba da hannunsa.